Karnukan da Suka Saba da Hannu

A duk ƙauyukan bakin gulbi da ke ƙasar Maradun, in aka ce wane ya samo kare daga gidan Ɗanasabe maharbi na Tungar Marke, to an gama magana. Ba wai karnukansa sun fi na kowa gudu ba ne, ko da yake gudun ma suna da shi. Abin da ya sa ake rububinsu shi ne sun san zama da Musulmi. Karen Ɗanasabe ba ya taka tabarma, ba ya sunsunar buta, kuma ko ƙanƙara ake zubawa ba zai tsallake dokin ƙofar ɗaki ba. In ka miƙa masa hannu sai ya ja da baya ya kaɗa maka wutsiya daga nesa, don tun yana tatata aka nuna masa yawunsa ba shi da wuri a jikin mai alwala.

Ba wani asiri a cikin aikin, haƙuri ne kawai. Da kwikwiyo ya buɗe ido, mai sonsa zai kawo kasko daga gidansa, a ciki za a riƙa zuba masa abinci har ranar da zai tafi. In ya yi kwana goma sha biyar a datse masa kunnuwa a shafa toka, don kada ƙaya ta yage su a dawa. Daga nan sai 'yar siririyar tsumagiyar sabara. Ba duka ake yi ba, hanci ake ɗan taɓawa duk lokacin da ya doshi abin da ba nasa ba, yau da gobe har ya gane iyakarsa. Shekara talatin Ɗanasabe yana wannan aiki, kuma bai taɓa sayar da kare ba, bayarwa yake yi.

A shekarar da bangon dam ɗin Bakolori ya kusa haɗewa, aka zo aka rubuta lamba a jikin kowane gida na Tungar Marke, aka ce kafin damina kowa ya tashi, ruwa zai cinye wurin. Yawancin mutane za su koma sabon matsugunin da aka yanka musu a kan fako. Shi Ɗanasabe fadamarsa na cikin abin da ruwa zai ci, ƙarfinsa kuma bai kai na fasa sabuwar gona a kan tsakuwa ba, sai ya yanke ya koma Bakura wurin wansa Malam Sirajo, mai makaranta a zaure. Malam ya aiko cewa ya zo da matarsa da awakinsa, har bindigar ma ya zo da ita, amma ban da kare. Ɗanasabe bai yi musu ba, ya san gidan.

Ana cikin wannan sai karyarsa Ƙyalla ta zuba 'ya'ya huɗu a bayan rumbu, ita ba ruwanta da wata lamba. Abokin farautarsa Ayuba na Tsibiri ya ce zai riƙe uwar, ya kuma ajiye kasko na ɗa guda. Shehu da Abdu, maƙwabta, su ma suka kawo nasu, amma da sanyin jiki, don su kansu ba su san inda za su kafa bukka ba balle inda kare zai kwanta. Kasko uku, kwikwiyo huɗu, kwanaki kuma suna ta tafiya. Abin ya tsaya wa Ɗanasabe a rai, don bai taɓa barin kwikwiyo babu gida ba.

Wata ranar Alhamis da hantsi mota ta tsaya a gindin marken gari. Wani Hashimu, mutumin Talata Mafara mai yi wa Turawan dam girki, ya fito tare da matar maigidansa, wata doguwar Baturiya mai faffaɗar malafa. Labarin karnukan ta ji, ta ce sai ta gani. Ko gaisuwa ba a gama ba ta durƙusa a bayan rumbu ta sunkuci 'yar macen da ke cikinsu, ja mai farin ƙirji, ta manna ta a wuya. Kwikwiyon ta lashe mata haɓa, ta lashe mata baki, Baturiya sai dariya take yi. Matan da suka leƙo ta kan danga suka yi ta salati, Barira matar Ɗanasabe kuwa sai da ta tofar da yawu.

Hashimu ya juyo ya ce, "Baba, Madam ta ce duka huɗun taka so. Guda nata, ukku na maƙwabtanta can kwatas. Amma kada a yanke musu kunne, kada a buge su. Kullum a ɗauke su a hannu, a shahwa su, su saba da jikin mutum da cikin ɗaki. In sun yi wata biyu ka kai su."

Ya ƙara da cewa karnukan kwatas, wato unguwar Turawan dam, nama suke ci safe da yamma, har likita gare su. Ɗanasabe ya dubi kaskon nan uku. Ya tuna yadda Shehu ya ajiye nasa yana cewa in Allah ya sa an sami wuri. Ga kuma gida huɗu a lokaci guda, gidajen bulo waɗanda ba mai rubuta musu lamba. Kuma a faɗi gaskiya, kansa ya ɗan kumbura, a ce sunansa ya kai har kunnen Turawa. Ya ce ya yarda. Da la'asar ya bi gida-gida ya mayar wa kowa kaskonsa, abin da bai taɓa yi ba. Shehu da Abdu suka karɓa kamar an sauke musu kaya, Ayuba ne kawai ya daɗe yana kallonsa.

Barira ta bari sai da ya dawo ya zauna sannan ta ce, "Maigida, karnukan ga in sun saba da ɗaki, wa ka hidda su?"

Ya ce ai ba ɗakinta za su tsufa ba.

Haka aka fara aikin da ba a taɓa gani ba a Tungar Marke. Ɗanasabe ya ware wata tsohuwar taguwa ta zama rigar karnuka. Da safe ya sa ta, ya shiga ɗakin da yake ajiye tarko da fatu, ya zauna a ƙasa ya jera su a cinya. Ya shafa wannan, ya murza kunnen wancan, ya buɗe musu baki ya duba haƙora, ya kama tafin ƙafa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda Hashimu ya ce Madam ta ce. Ran Juma'a ya yi musu wanka da sabulu a tsohon daro. Lokacin salla na yi ya tuɓe taguwar, ya wanke hannu har gwiwa kafin ya taɓa buta. Ƙyalla kan zo ta tsaya daga bakin ƙofa, inda ta san iyakarta, tana leƙen 'ya'yanta a kan cinyar ubangidanta, ta rasa gane abin da ya sami gidan.

Da farko da ƙyar yake yi, yana kawar da fuska. Amma kafin mako biyu wani abu ya same shi wanda bai gaya wa kowa ba. Shekara talatin yana tare da karnuka, sun kwana dawa tare, sun tare masa gyado, amma bai taɓa sanin cewa zuciyar kwikwiyo tana bugawa da sauri haka a tafin hannu ba, bai kuma san in ya yi barci a jikin mutum yakan yi ajiyar zuciya ba. Ya so su, so na gaske, musamman jar macen nan. Ita ba ta yarda a sauke ta. In ya ajiye ta sai ta bi ƙafarsa tana kuka har ya sake ɗauka, shi ya sa Barira ta sa mata suna Gimbiya, ta ce saura a samo mata mai yi mata fifita.

Barira ce ta sha wahalar abin. Sau uku tana tarar da kan kwikwiyo a cikin ƙwaryar furarta, kowane karo sai ta wanke sau bakwai tana mita. Liman ya tare Ɗanasabe a bakin masallaci ya tambaye shi a hankali ko gaskiya ne abin da ake faɗa. Ya ce aikin Turawa ne, kwana kaɗan ya rage. Mutane kuwa ba su da lokacin tsegumi mai tsawo, kowa na kwance jinka yana cire ƙyaure, ana ta gardamar ko za a bar kaburbura haka nan a ƙarƙashin ruwa.

Ranar da suka cika wata biyu ta faɗo Talata. Ya zuba su a babban kwando ya rufe da tsohon taru, ya hau motar 'yan kasuwa zuwa Mafara. Suna wuce gonakin da manyan motoci suka baje suka mai da su fili guda, fasinjoji na ta nuna inda gonar wane take da, ba kuka ba tsamiya balle a gane iyaka. Shi hankalinsa na kan kwando, yana zura yatsa ta ƙasan taru ana lasa. Ya yi ta shirya yadda zai gaya wa Madam halin kowanne, cewa baƙin cikinsu yana tsoron tsawa, Gimbiya kuma ba ta cin abinci sai an tsaya a kanta.

A ƙofar kwatas mai gadi ya tsayar da shi, aka aika kiran Hashimu. Da ya fito ba fararen kayan aikin girki a jikinsa, sai 'yar shara da buhu a kafaɗa. Ya gaida shi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da iyali da gajiya, yana ta kauce wa kwandon da ido. Daga ƙarshe ya ce aikin bango ya ƙare, an sallami masu wannan sashe. Madam da mijinta sun tashi tun ranar Asabar, maƙwabtan ma biyu sun tafi, na ukun yana ɗaure kaya. Madam ta yi kuka, in ji shi, ta ce a ba Baba haƙuri, ba a barin mutum ya shiga jirgi da kare sai da takardu masu yawa. Shi kansa Hashimun yanzu aiki yake nema.

Ɗanasabe ya sauke kwandon ƙasa. Wa zai yi wa faɗa? Ya durƙusa ya gyara taru, don Gimbiya ta turo kai tana neman hannunsa. Saura kwana goma sha biyu motar da za ta kwashe su zuwa Bakura ta zo.

Washegari ya ajiye kunya ya tafi wurin Shehu, wanda ya riga ya kafa bukka biyu a sabon matsuguni. Shehu ya karɓi baƙin kwikwiyon don nauyin ido. Kwana biyu ya dawo da shi a cikin buhu. Ya ce tsohuwarsa ta idar da salla ta juya ta tarar da kare a miƙe a kan buzunta yana barci, ta rantse ko ita ko shi a gidan. Abdu ko karɓa bai yi ba, labari ya riga ya kai masa.

Sai ya aika wa Ayuba. Ayuba ya zo da kansa daga Tsibiri, ya ce a shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida a ajiye buta, a sako su. Ai kuwa kafin ya gyara zama biyu sun haye cinyarsa, ɗaya ya tura hanci a bakin buta, Gimbiya ta miƙe tana neman gemunsa. Ayuba ya ture su da gwiwar hannu ya tashi yana kakkaɓe riga. Ya ce kare mai dogon kunne ƙaya za ta gama da shi, wannan da sauƙi, ana iya datsewa ko yanzu. Amma karen da ke murna da kowane mutum ba ya gadin gona, kuma ba matar da za ta yarda da shi a gida.

"Ɗanasabe, kai kas sa musu abin ga, kai ka cire shi. In sun san tabarma sun san hannu, ni ɗauki biyu, in sama ma biyu wuri. In ba su sani ba, ka bar ma ruwa su."

Ya kama Ƙyalla da igiya ya tafi, ya ce zai dawo ranar tashi.

Ɗanasabe ya je ya yanko sabara. Yadda ya saba, kwikwiyo ɗan kwana ashirin ake taɓa wa hanci, wanda bai san komai ba, ya ɗauka haka duniya take. Waɗannan kuwa sun riga sun san wata duniyar, kuma shi ya nuna musu ita. Taɓawa ba ta yi musu komai, wasa suka ɗauke ta, suna kama bakin tsumagiyar suna ja. Dole sai da ya sa ƙarfi. Ya zauna a kan tabarma ya miƙa hannun hagu, wanda ya taho da gudu ya sakar masa tsumagiyar da dama a hanci. Kukan da suka yi ranar farko ya sa Barira, wadda ta fi kowa mita a kansu, ta ɗauki tulu ta tafi gulbi ba don ruwa ya ƙare ba.

Mazan uku ba su ba shi wuya sosai ba. Kwana huɗu suka daina hawa tabarma, kwana shida suka daina doso ƙofar ɗaki, ya datse musu kunnuwa suka koma bayan rumbu suna kallonsa a kaikaice. Abdu ya zo ya gwada, ya ɗauki guda. Gimbiya ce ta ƙi ganewa. In ya buge ta sai ta yi ƙara ta koma gefe, ta ɗan jima, sannan ta taho da rarrafe, ciki a ƙasa, ta zo ta lashi hannun da ke riƙe da tsumagiyar. A ganinta wani laifi ta yi, take ba da haƙuri. Ya buga, ta dawo. Ya sake bugawa, ta sake dawowa. Abinci ya daina shiga masa, in ya ɗaga hannu sai ya ji kafaɗar ta yi nauyi, amma ya san in ta ci gaba da dawowa ba gidan da zai karɓe ta.

Ana saura kwana biyu ya ce yau za a yi ta ta ƙare. Ya ajiye sabara ya ɗauko igiyar jaki ya ninka biyu. Ya kira ta da muryar da yake kiranta in zai ɗauke ta, ta taho tana rawar jiki don ta kwana biyu ba ta ji muryar nan ba. Abin da ya biyo baya bai daɗe ba, amma har maƙwabta sai da suka leƙo. Da ya sake ta, ta ja ƙafa ta shige ƙarƙashin rumbu. Ya zauna a tabarma ya miƙa hannu ya kira. Ba ta fito ba. Ya sake kira, shiru. Aiki ya yi kyau ke nan, sai ga dattijo yana share ido da hannun riga a tsakar gida da rana tsaka.

Ranar tashi motar ta iso da hantsi. Rabin garin ya riga ya zama kango, an kwashe jinka an bar katangu tsirara. Aka loda gado da tukwane da buhunan gero, aka ɗaure awaki a baya. Ayuba ya zo kamar yadda ya ce. Ya shimfiɗa tabarma ya gwada mazan biyu, suka tsaya nesa suna kaɗa wutsiya, ya gyaɗa kai ya sa musu igiya. Ya ce ya samo wa macen wuri wajen wani mai garken awaki a Gidan Goga, mutumin kirki, a kawo ta ya gani.

Ba ta ƙarƙashin rumbu. Ɗanasabe ya zaga bayan gida, ya bi lungu, sai can ya hango ta a kangon gidan liman, tana tsaye a kan tarin ƙasa. Ya doshe ta, ta ja da baya. Ya tsaya, ta tsaya. Ayuba ya zagaya ta ɗaya gefen da igiya, tana ganinsa ta zille ta faɗa wani kangon. Barira ta kawo ɗan tuwo a kasko ta ajiye, Gimbiya ta dube shi ta dubi mutanen da ke kusa da shi, ta ƙi matsowa. Suka yi ta zagaye kangaye har rana ta take, mutum uku da kwikwiyo guda, duk wanda ya miƙa hannu sai ta ƙara nisa.

Direba ya yi ta danna ham, ya ce yana da sauran gida huɗu da zai kwasa kafin dare. Ayuba ya ce zai leƙo bayan kwana biyu ko yunwa ta sa ta sauko, amma yadda ya faɗa, su duka sun san Tsibiri da nisa, ga shuka ta matso, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Ɗanasabe ya roƙi direba ya ƙara masa ɗan lokaci. Ya koma shi kaɗai, ya durƙusa a ƙasa a tsakiyar kangon, ya buɗe hannuwa biyu don ta ga ba komai a ciki.

"Taho, ɗiyata. Wallahi ba ni bugun ki. Taho."

Ta karkata kai, dogayen kunnuwan nan da bai samu ya datse ba suka motsa. Wutsiyarta ta kaɗa sau ɗaya, ta ɗaga ƙafar gaba kamar za ta tako. Sai ta dubi hannun, ta mayar da ƙafar inda take.

Barira ce ta zo ta kama shi ta tashe shi. Ya hau bayan mota ya zauna a kan buhun gero, fuskarsa na kallon gari. Da motar ta tashi Gimbiya ta fito daga kango ta biyo su da ɗan gudunta har gindin marke. Ɗanasabe ya buga jikin mota da ƙarfi, direba ya taka birki. Motar na tsayawa ita ma ta tsaya, ya sauko da ƙafa ɗaya, ta juya ta koma cikin kangaye. Direba ya ce shi fa ba zai sake tsayawa ba, kuma bai sake ba.